Sharhi: Yadda Na Kara da Morokei a Wasan Skyrim

Wasan Skyrim na kamfanin Bethesda ya fito ranar 11 ga Nuwamba, 2011, amma ni sai a hunturun bana na zauna masa sosai, bayan na sayi kwamfutar cinya ta hannu a titin Beirut. Sanyin Kano da ƙanƙarar da ta lulluɓe duwatsun wasan sun dace ƙwarai, domin cikin bargo nake bugawa bayan sallar isha'i. Wannan sharhi ya tsaya ne a kan wuri ɗaya, wato kangon Labyrinthian da matsafin da ke kwance a ƙarƙashinsa, Morokei, wanda makarantar sihiri ta Winterhold take tura mutum ya ƙwato sandar Magnus daga hannunsa.

A ganina, hanyar zuwa wurinsa ta fi faɗan kansa daɗi. Da shigarka ɗaki na farko za ka ci karo da ƙwarangwal ɗin wani ƙaton dodo mai fukafukai yana tasowa daga ƙasa, daga nan kuma, a kowane zango, fatalwar Savos Aren, tsohon shugaban makarantar Winterhold, da abokan karatunsa biyar suna bayyana suna maimaita maganganun da suka yi lokacin da suka shiga wurin shekaru da dama da suka wuce, kuma duk lokacin da ka sake ganinsu sai ka tarar adadinsu ya ragu. Abin da ya fi tayar mini da tsikar jiki shi ne muryar Morokei. Yana fara magana da harshen dodanni, daga baya ya koma harshen mutane yana zaton Aren ne ya dawo, kuma duk sa'ad da ya yi magana sai ma'aunin ƙarfin sihirinka ya zube ƙasa baki ɗaya. Ni da na gina gwarzona a kan jifa da wuta kaɗai, na tsaya a bakin wata ƙofa hannu rabbana, matattun mayaƙa suna nufo ni da gatura.

A babban ɗakin ƙarshe za ka same shi a kulle cikin wani haske, fatalwar matsafa biyu suna riƙe da shi daga sama. Su ne abokan da Aren ya sadaukar don ya tsira da ransa, kuma dole ka kashe su kafin ka iya taɓa Morokei, ma'ana da hannunka za ka kwance shi. Daga nan sai tsawa. Makaminsa aradu ne, wadda a tsarin wasan take cin jini tana kuma cin ƙarfin sihiri a lokaci guda, ga sandar Magnus da ke zuƙe abin da ya rage, idan ya ƙare ta koma kan jinin. Na kira wani aljanin wuta ya taimake ni, sai ya juyar da shi a kaina. Sau huɗu yana kayar da ni a dare ɗaya, a karo na biyar kuma, ina gab da gamawa da shi, aka ɗauke wuta batirin ya mutu ban adana wasan ba. Tun daga ranar yatsana bai yi nisa da maɓallin F5, na adana wasa, ba.

Ƙanena ne, wanda ya riga ni sanin wasan, ya leƙo washegari ya ce, “Yaya, ka ajiye girman kai ka ɗauki kwari da baka.” Na sha maganin da ke rage illar aradu, na laɓe a bayan dutse ina leƙowa ina harbi, cikin 'yan mintuna Morokei ya zama toka. A nan ne nake da ƙorafi. Abokin gabar da aka shafe dogon lokaci ana gina tsoronsa bai kamata ya faɗi da sauƙi haka a hannun maharbi ba, alhali ɗan wasan da ya dogara da sihiri, wanda aka tsara labarin dominsa, yana shan baƙar wuya. Wanda ya ƙware zai fi jin daɗi idan ya ɗaga matakin wahalar wasan kafin ya shiga.

Ladan dai ya biya wahalar, domin ban da sandar, akwai abin rufe fuskar Morokei da ke ninka saurin dawowar ƙarfin sihiri. Iyaye su sani cewa wasan cike yake da tsafi da matattu masu tafiya, kuma an ware shi ne don manya. Wanda ya kayar da Morokei kuma kada ya saki jiki bayan nasara, saboda wani matsafin ƙungiyar Thalmor, abokan gaba a wannan labari, mai suna Estormo yana jiransa a hanyar fita, ni kuwa na iske shi ne ba ni da ko kwalba ɗaya ta maganin jini.