Rigar da ta yi wa kafaɗuna kyau amma ta ƙi zama a jikina

Tun ina budurwa na san kafaɗuna sun fi kwankwasona faɗi, gado ne ta wajen mahaifinmu, kuma saboda haka ban taɓa yarda an ɗinka mini riga mai buɗaɗɗen wuya ba. Da bikin ƙanwata ya matso a watan Afrilu, aka tsayar da cewa kamu na mata ne zalla kuma a cikin gida za a yi shi a nan Gusau, sai na ga dama ta samu in gwada irin rigar nan da ba ta da hannu, ba ta da igiya a kafaɗa, wadda ake ɗora wa mayafi. Na aika aka sayo mini leshi yadi 5 daga Kantin Kwari, kuma duk wadda ta sayi leshi a bana ta san abin da ya fita daga hannuna. Na kai shi wurin wata mai ɗinki a Tudun Wada da ƙawayena suka daɗe suna yabawa, na biya kafin alƙalami a ranar.

Dole in faɗi gaskiya, matar tana da ido. Hoton da na nuna mata daga Instagram wuyansa miƙaƙƙe ne daga hammata zuwa hammata, tana kallonsa ta kalle ni ta ce, “Hajiya, wagga ba za ta karɓe ki ba.” Ta tsayar da ni gaban madubi, ta gitta tef ɗin awo a ƙirjina, nan take na ga yadda miƙaƙƙen layi ke ƙara shimfiɗa kafaɗa, sannan ta lanƙwasa tef ɗin ya nutsa a tsakiya kamar saman zuciya, sai ido ya bar gefe da gefe ya gangaro ƙasa. Ta kuma ba da shawarar a buɗe ƙasan rigar tun daga ƙugu, domin faɗin ƙasa ya yi daidai da faɗin sama. Ranar gwaji na daɗe a tsaye ina kallon kaina, domin ban taɓa ganin kafaɗuna sun zama ado ba sai a wannan rana. A raina na riga na gama yanke hukuncin cewa na samu mai ɗinkina ta dindindin.

Ranar kamu ce ta sauya mini ra’ayi. Muna tsakar gida bayan la’asar, zafi ya kai inda ya kai, gumi na bin bayana, aka kira yayyen amarya su fito su yi liƙi. Ina ɗaga hannuwana sama da kan ƙanwata na ji rigar ta saki daga baya, ta zame ƙasa kamar inci 2, gaban ya buɗe ya bar jikina. Mayafin da na yafa shara-shara ne, ba zai rufa wa kowa asiri ba, ga ’yan mata sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar bidiyo. Gwaggona ce ta fara lura, ta matso ta lulluɓa mini nata gyalen, ta ce a hankali, “Ɗiyata, biyo ni ɗaki.” A ɗakin muka ɗaure rigar da fil guda 4, ɗaya ya yage leshin a gefen zif, kuma sauran taron a zaune na ƙarasa shi, hannuwana manne da haƙarƙarina. Dangin ango suna wurin, kuma har yau idan na tuna sai in ji nauyin abin a ƙirjina.

Da na juya cikin rigar washegari na gane inda matsalar take. Irin wannan riga ƙugu ne ke ɗauke da nauyinta, ba ƙirji ba, don haka tana bukatar ɗamara ta ciki da za ta kama ƙugu tamau, da kuma sandunan da teloli ke kira bonin a gaba da gefe da baya, su riƙe saman a tsaye. Tawa babu ɗamara ko kaɗan, bonin ɗin kuma na roba ne mai laushi, guda 4 kawai a gaba, har biyu sun lanƙwashe. Mace mai faɗin kafaɗa da ƙaramin kwankwaso ta fi kowa bukatar wannan ɗamara, tunda babu tudun da rigar za ta zauna a kai idan ta fara zamewa. Sai kuma na tuna cewa a kan doguwar rigata ta auna ni, kuma ranar gwaji ba ta ce in ɗaga hannu ko in zauna ko in sunkuya ba. Wadda ta san sirrin wuyan riga har haka ba zan yarda cewa ba ta san wannan ba. Na fi zaton ɗinkunan Sallah da na biki ne suka yi mata yawa ta gaggauta nawa. Dama sai da na yi sawu 3 kafin in karɓa, ragowar leshina ma ba ta dawo mini da shi ba sai da na tambaya.

Na mayar mata da rigar, ta ba ni haƙuri ba tare da musu ba, ta saka ɗamarar, ta ƙara bonin, ta cike yagar, na kuma sa ta ɗora mini hannu na raga mai launin leshin har zuwa wuyan hannu. Yanzu rigar ta zauna daram, na ɗaga hannu na yi tsalle a gabanta ba ta motsa ba, sai dai ta karɓi kuɗin ragar da na aikin, abin da nake ganin bai kamata ba. Atamfofina guda 2 na nan a wurinta, su kam zan bar mata, amma leshin walimar ɗiyar yayana wani wuri zan kai shi.