Gwajin H. pylori na bayan gida: sai da na biya kuɗi sau biyu

Shekara kusan shida ina fama da abin da kowa a gidanmu ke kira olsa. Ƙwannafi, kumburin ciki, ga wani zafi a ƙahon zuciya da ke tashina tsakar dare. Omeprazole kuwa na sha shi kamar gyaɗa, duk daga kemis ɗin unguwa. Rasuwar Baffana da sankarar ciki, Allah Ya jiƙansa, ita ta kai ni asibiti, domin shi ma da "olsa ce" aka fara.

Likita ta hana ni gwajin jini. Ta ce shi iyakarsa ya nuna jiki ya taɓa haɗuwa da H. pylori, wato ƙwayar cutar da ke zama a cikin ciki tana kawo olsa, ko da ta daɗe da mutuwa. Na bayan gida ta rubuta min.

Gwajin ba wuya. Wata 'yar kwalba ce mai cokali a jikin murfi, ka shiga ka fito, washegari ka karɓi takarda. Kunyar miƙa kwalbar ce kawai aiki. Sakamako ya ce babu komai, na koma da murnata.

Likitar ta duba takardar ta ce, "Malam, yaushe ka daina shan omeprazole?"

Na ce, "Likita, ai ko a ranar na sha."

Ashe maganin yana danne ƙwayar har gwaji ya kasa ganinta. Ana barinsa mako 2 kafin gwaji, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako 4. A nan nake ganin laifin ɗakin gwajin: sun karɓi kuɗina ba wanda ya tambaye ni ko ina shan wani magani. Ita ma likitar ta ce ta ɗauka na sani. Ta ina zan sani?

Mako biyun nan ba omeprazole na ji jiki. Da aka sake, sai ga ƙwayar ta fito.

Na tambaye ta maganar sankara kai tsaye. Ta ce tun 1994 hukumar binciken sankara ta WHO, wato Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa H. pylori cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ta, amma yawancin masu ɗauke da ita ba sa kamuwa. Tunda dai an yi a dangi, gara a kashe ta. Kwana 14 na yi ina shan amoxicillin da clarithromycin da omeprazole safe da yamma. Bakina ɗaci kamar na tsotsi ƙusa, a kwana na biyar saura kaɗan in watsar, uwargida ce ta tsaya a kaina.

Bayan wata guda da gama magani na yi gwaji na uku, ya nuna ta tafi, kuma yanzu ina kwana ba tashin dare. Wannan karon wani ɗakin gwajin na je. Tun kafin in ciro kuɗi ma'aikaciyar ta ce, "Yallaɓai, wane magani kake sha a 'yan kwanakin nan?"