Shagon Taya a Sabon Gari: Tayar Ƙanƙara, Girman Wili da Abin da Na Tarar

Makonni uku ke nan da na sauya wa motata, ƙirar Corolla, tayoyi huɗu a wani shago da ke Sabon Garin Zariya, ba nisa da PZ, kuma da gangan na jinkirta wannan rubutu sai da na je Kaduna sau biyu na kuma je Funtuwa sau ɗaya, domin taya a kan kwalta ake sanin halinta.

Abin da ya kai ni wurin shi ne tayoyin gwanjo guda biyu da na saya bara a wani wuri dabam, waɗanda zanensu ya burge ni saboda zurfinsa, amma tun kafin zafin watan Afrilu ya wuce suka fara suɗewa, motar kuma tana yi mini lilo duk lokacin da na sha kwana da ɗan gudu. Mai shagon, dattijo ne mai ƙarancin magana, ya tsuguna ya goge gefen tayar da tsumma, sa'an nan ya ɗora yatsa a kan wata 'yar alama, hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙwayar ƙanƙara a cikinsa. Ya ce, “Malam, wannan ai ba domin ƙasarmu aka yi ta ba.”

Gaskiya ya faɗa. Wannan alama ta tayar sanyi ce, wadda ake ƙerawa saboda ƙasashe irin su Jamus da Kanada inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya. Robarta mai taushi ce ƙwarai domin kada ta ƙandare idan sanyi ya sauka ƙasa da maki 7 a ma'aunin Salshiyos, an kuma yi mata ƙananan tsage masu yawa da ke kama ƙanƙara. To, ko a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ke lulluɓe Samaru da asuba, da wuya sanyin Zariya ya kai can, a bazara kuwa zafi yakan doshi maki 40, kwalta ta fi haka nesa ba kusa ba. A irin wannan yanayi robar takan ƙara laushi, ta ci da sauri, birki kuma ya ƙara nisa kafin mota ta tsaya. Turawa sukan cire irin wannan taya tun zanenta yana da saura, da zarar ya kusa milimita 4, shi ya sa idan ta iso mana cikin kayan gwanjo sai ta fi sauran kyan gani. Mai shagon ya shaida mini cewa yana da su a jibge a bayan shago, yana kuma sayarwa ga wanda ya nace, amma ba ya ɓoye wa mai saye ko mene ne. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake yabon wurin.

Batun girman wili ma ya ɗauke mu lokaci, domin da niyyar ɗaura wili mai inci 17 na je, kamar yadda samari ke yi. Sai ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini takardar da kamfani ya manna a jikin ginshiƙi, inda aka rubuta 195/65 R15. Ma'anarsa faɗin taya milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 127, wili kuma inci 15. Idan aka koma 205/55 R16, da'irar taya ba ta sauya sosai, don haka agogon gudu ba zai yi ƙarya ba, amma gefen ya ragu zuwa kimanin 113. A 215/45 R17 kuwa bai kai 100 ba. Wannan gefen shi ne ke shanye dukan rami kafin ya isa wili, kuma duk wanda ya bi wasu layukan Tudun Wada bayan damina ya san amfaninsa. Na haƙura da ƙawa na tsaya a 15.

Ya kuma bar ni na duba shekarun kowace taya da idona. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar ƙira, misali 2324 yana nufin mako na 23 a shekarar 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, sai dai masu saye kaɗan ne ke tsugunawa su karanta.

Shagon yana da nasa aibi. Farashinsa ya ɗara na maƙwabtansa, ragin da ake yi kuma bai taka kara ya karya ba. Babu injin balansin, dole na ɗauki motar zuwa wani wuri a Kwangila, abin da ya cinye mini rabin yini. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ke ba da iska, wanda ya ɗura wa kowace taya 45 da wani tsohon geji, alhali takardar ƙofa ba ta wuce 32 ba. Da na yi magana, mai shagon ya sa aka rage nan take, ya kuma yi masa faɗa a gabana, amma ni dai tun daga ranar na sayi gejina na ajiye a aljihun mota.