Starlink ga mai rubuta manhaja daga gida: intanet ya samu, saura wuta

Tun da Starlink, intanet ɗin da ke zuwa ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, masu rubuta manhaja da ke yi wa kamfanonin waje aiki daga Kano ko Kaduna suka samu taron bidiyo da ba ya yankewa ana tsakiyar bayani. Taurarinsa suna shawagi ne a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita kawai daga ƙasa, shi ya sa in ka buga umarni ta SSH, hanyar sarrafa kwamfutar da ke nesa, amsa ke dawowa nan take. Sauke fayil kamar ƙiftawar ido. Ɗorawa kuwa sai a hankali, mai tura babban kunshin manhaja na Docker zai sha jira.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuta. Faranti da rauta (na'urar raba Wi-Fi) na samfurin Standard suna cin wat 75 zuwa 100. Aikin awa 8 ke nan ya lashe wat-awa 600 zuwa 800, ba a ma sa laftof a lissafi ba. Batirin ruwa mai 12V 100Ah, wanda rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, wat-awa 600 zai ba ka. Kuma duk ɗaukewar wuta, ko ta daƙiƙa ɗaya ce wajen komawa janareta, sai farantin ya ɓata mintuna yana laluben tauraro. Don haka a ɗora shi kan inbata kai tsaye. A shiga manhajar Starlink ta waya kuma a kashe tsarin narkar da ƙanƙara don rage cin wuta, an yi shi ne don ƙasashen sanyi.

Kafin a kafa faranti, a yi gwajin kyamara da ke cikin manhajar. Reshen darbejiya ɗaya ko tankin ruwan maƙwabci ya isa ya riƙa katse layi na 'yan daƙiƙu. Mai kallon bidiyo ba zai lura ba, amma mai aiki a kan sabar nesa zai ji a jikinsa. Maganinsa tmux ko mosh, manhajojin da ke riƙe aikinka ko layi ya katse. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana datse layin, saboda haka da damina kada a rabu da layin waya mai data.

Tsarin Starlink na gida na yau da kullum ba ya ba da adireshin intanet na IPv4 naka kai kaɗai, CGNAT ake bi, wato mutane da yawa kan adireshi ɗaya. Mai son abokin aiki ya leƙo sabar gwajin da ke kan kwamfutarsa sai ya haɗa da Tailscale ko Cloudflare Tunnel, masu buɗe hanyar shigowa daga waje.

Ga wanda ake biya da dala kuma wayar intanet ta fayiba ba ta iso unguwarsu ba, kuɗin Starlink ya halatta. Wanda fayiba ta wuce ta ƙofar gidansa, gara ya zuba kuɗin a batir da sola.