Darksiders: Zelda ce aka sauya wa riga, ko wasa ne mai tsayuwa da ƙafarsa?

Tun da aka fitar da Darksiders, wasan bidiyo na kamfanin Vigil Games, a watan Janairun 2010 a kan PlayStation 3 da Xbox 360, zargin da ke bin sa ɗaya ne: wai The Legend of Zelda ce aka ɗauko, aka ɗora mata sulke da jini. Zargin gaskiya ne. Wanda ya taɓa buga wasannin Zelda irin su Ocarina of Time ta 1998 ko Twilight Princess ta 2006 ba zai yi awa uku ba sai ya gane gidan da aka yi aron. Abin dubawa shi ne ko wanda ya ari kayan ya san amfaninsu, kuma a nan ina ganin Vigil sun fi yawancin masu kwaikwayo fahimta.

Daga waje babu kama. Jarumin, War, ɗaya ne daga mahaya huɗu na ƙarshen duniya da ke cikin littafin Wahayi na Baibul, ƙato ne mai takobi kusan tsayinsa, kuma zanen Joe Madureira ya ba komai kauri da nauyi. Duniyar birni ce da ta rushe shekara 100 bayan halakar 'yan Adam. Wasan na manya ne, akwai sara da fille kai da yawa, bai dace da yara ba.

A ƙashin ginin ne kamar take. Wani aljani mai suna Samael zai aike ka ka kawo masa zukatan dodanni huɗu, kowanne yana ƙarshen wani katafaren kurkuku mai ɗakuna a kulle. A ciki za ka nemi taswira, ka nemi wani abu mai suna Hoardseeker da ke nuna maka inda akwatuna suke, aikin da kamfas ke yi a Zelda ke nan, sannan makullai. A tsakiyar kurkukun sai a ba ka sabon makami, da shi za ka buɗe sauran ɗakunan, da shi kuma za ka kashe dodon. Gutsuren dutsen rai huɗu suna ƙara maka layin lafiya guda, daidai da gutsuren zuciya huɗu na Ocarina. Har da abokin tafiya mai yawan magana, Watcher, wanda Mark Hamill ya yi muryarsa, da doki mai suna Ruin a madadin Epona ta Zelda.

Kurkukun farko, Twilight Cathedral, shi ne ya fi nuna cewa sun karanci darasin da kyau. A nan ake samun Crossblade, makamin jifa mai dawowa hannu. Kana iya saita shi a kan abu biyar a jere kafin ka sake shi, kamar na Wind Waker, wani wasan Zelda, amma jerin da ka bi yana da muhimmanci: idan ya fara ratsa wuta, zai ɗauke ta ya kai wa abu na gaba. Wasan yana koya maka wannan a hankali. Da farko ka kunna fitila daga nesa. Daga baya ka ciro bam da bai kama ba, ka manna shi a jikin jan dutse, ka saita wuta tukuna sannan bam ɗin. Lokacin da ka hau rufin ginin ka gamu da Tiamat, jemagiyar da ke shawagi inda takobi ba ya kai wa, babu wanda zai gaya maka abin yi. Ka manna mata bam, ka aika Crossblade ta cikin wuta, ta faɗo, ka rufe ta da sara. Kuskuren da aka fi yi shi ne saita dodon kafin wutar, sai makamin ya isa ba komai a jikinsa, bam ɗin ya ƙi tashi. Wannan tsari na koyarwa, gwaji, sannan jarrabawa shi ne ainihin abin da ya sa Zelda ta yi suna, kuma an kawo shi nan da ransa.

Haka abin yake a kurkukun The Hollows, inda safar ƙarfe mai suna Tremor Gauntlet ke fasa shuɗin dutse, kuma da ita kake naushin taragon jirgin ƙasa ya daki Griever, dodon wurin. Abyssal Chain ta kurkukun Iron Canopy kuwa sarƙar nan ce mai ƙugiya ta Zelda, ba a ko ɓoye ba.

Faɗan daga wani gida aka aro shi, wato God of War ta 2005. Rayuka masu launi uku ne ke fita daga gawa: shuɗi kuɗi ne da kake kai wa ɗan kasuwa Vulgrim, kore lafiya, rawaya ƙarfin fushi. Maƙiyi ya galabaita, alama ta fito a kansa, maɓalli ɗaya ya gama da shi. Ya fi faɗan Zelda na wancan zamani zafi, sai dai bai kai na God of War zurfi ba. Akwai kuma matsala a hannun gem. Kariya da gocewa maɓalli ɗaya suke rabawa: idan kana tsaye cak War zai kare, idan ka ɗan taɓa sandar tafiya sai ya zabura gefe. Cikin taron maƙiya, wanda ke son mayar da martani dole ya cire babban yatsansa daga sandar gaba ɗaya, shi ya sa mutane da yawa ke haƙura da kariyar su dogara da gocewa. Ga shi makaman suna ta ƙaruwa, guraben saurin ɗauko su ba su isa ba, sai ka riƙa tsayar da wasa kana sauya su.

Inda aron ya fara nauyi shi ne kashi na ƙarshe. A kurkukun Black Throne ana ba ka Voidwalker, bindigar buɗe ƙofofi biyu irin ta wasan Portal na 2007, sai dai a kan wasu da'irori na musamman kaɗai take aiki, don haka rabin tunanin an riga an yi maka. Akwai dabara ɗaya mai kyau: idan ka riƙe maɓallin kafin harbi, ƙofar za ta cilla ka da ƙarfi idan ka ɓullo, ta nan ake kai wa wurare masu tsawo. Amma dole ka bi hasumiya uku kana karkato haske zuwa tsakiya, kuma ta ukun ba ta koyar da abin da biyun farko ba su koyar ba.

Daga nan sai abin da ya fi ba ni haushi. Ana dab da ƙarshe, wasan zai mayar da kai wuraren da ka riga ka wuce ka tattaro gutsuren takobin Armageddon guda bakwai. Wannan shi ne farautar gutsuren Triforce takwas ta Wind Waker, ɓangaren da Nintendo da kanta ta rage wa wahala a fitowar 2013. An ari riga har da yagewarta. Hanyoyin Vulgrim na saurin tafiya suna rage nisan, saboda haka duk inda ka ga alamarsa tun farko ka je ka buɗe wurin, zai cece ka daga dogon zagaye a wannan mataki.

Ga mai PlayStation ko Xbox da bai da na'urar Nintendo, a 2010 babu wasanni da yawa masu irin wannan kurkuku, kuma har yau ba su da yawa. Wasan yana ɗaukar awa 15 zuwa 20. Wanda zai saya yanzu ya nemi Warmastered Edition ta 2016, wadda ta zo Switch a 2019, hotonta ya fi tsabta kuma ya fi gudu sumul. Wanda ya saba da wasannin faɗa ya fara da matakin Apocalyptic, domin a matsakaicin mataki ƙananan maƙiya suna zama abin wasa da zarar layukan lafiyarka sun kai biyar ko shida.