Radar da muka kafa a tudun gaɓa ta ga jiragen da ba sa faɗin sunansu

Aikina a ayarin binciken shi ne sauraro. Mun nutsar da makirufo uku a ƙarƙashin teku domin naɗar kukan kifayen wel, wato manya-manyan dabbobin nan na teku, muna so mu gane ko suna yin shiru, ko suna sauya murya, idan jirgi ya gitta kusa da su. Wannan tambaya ba ta amsuwa sai an san wane jirgi ne ya wuce, ta ina ya bi, da ƙarfe nawa, kuma da wane irin gudu. Shi ya sa muka yi hayar na'urar rada, wadda ke aika sigina ta gano jirgi idan siginar ta buge shi ta dawo, daga wani kamfani mai irin wannan hidima, ma'aikatansa suka zo suka kafa mana ita a kan wani tudu da ke fuskantar ruwan. Mako shida na yi ina zaune gaban allonta.

Da farko ban ga dalilin ɗauko ta ba. Ai akwai AIS, tsarin da jiragen ruwa ke shelanta kansu da shi ta rediyo. Tun ƙarshen 2004 yarjejeniyar SOLAS, ta ƙasashen duniya kan kare rayuka a teku, ta wajabta shi a kan duk jirgin da ya kai tan 300 yana zirga-zirga tsakanin ƙasashe, da kuma jiragen fasinja. Jirgin na aiko da lambarsa, da inda yake, da gudunsa, da inda ya dosa, a kan tashoshin rediyo biyu, megahaz 161.975 da 162.025. In yana tafiya, duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10 zai yi magana, in ya saki anga sai bayan minti 3. Ƙaramar na'ura da 'yar eriya sun isa a kama wannan duka. Na ce wa shugabar ayarinmu, "Farfesa, wannan fa ya ishe mu." Ta ce, "Bari dai a kunna ta tukuna."

A dare na uku na sa abin sauraro a kunne, sai ga wata ƙara mai tsini, irin ta inji mai saurin juyi, ta cika makirufon da ke kusa da gaɓa. Na duba allon AIS, wayam, babu kowa. Na juya ga allon rada, sai ga ɗigo biyu suna tafe a jere, suna kewaya daidai saman inda muka nutsar da kayanmu. Ƙananan jiragen masunta ne masu injin rataye, waɗanda dokar ba ta hau kansu ba. Jikina ya yi sanyi, domin na gane abin da ya kusa faruwa da mu. Da AIS kaɗai muka dogara da shi, da na rubuta waɗannan sa'o'i a jerin lokutan da teku ke shiru, na gwada su da lokutan da manyan jirage ke wucewa, kuma duk lissafin da zai biyo baya ya tashi a gurguje ba tare da kowa ya sani ba. Farfelar ƙaramin jirgi mai gudu tana tayar da kumfa da ke fashewa a cikin ruwa, kuma idan yana bisa kan makirufo, ƙararsa takan danne ta babban jirgin dakon kaya da ke can nesa. Tun daga daren nan ban sake yi wa radar nan kallon kayan ƙawa ba.

Irin wadda ake ɗorawa a kan jirage ce, mai aiki a wajen gigahaz 9.4, tsawon zangon siginarta kimanin santimita 3. Eriyarta doguwar sanda ce a kwance, tana juyawa sau 24 a minti, wato duk daƙiƙa biyu da rabi ana samun sabon hoto. Abin da na fi yabawa shi ne manhajar da ke tare da ita. Da zarar ɗigo ya bayyana a juyi da yawa a jere, sai ta kama shi, ta ba shi lamba, ta riƙa binsa tana rubuta gudunsa da alƙiblarsa, sannan ta haɗa shi da bayanin AIS in yana da shi. Wanda ba shi da shi sai ta ba shi wani launi dabam. Da safe nakan tarar da sawun jiragen dare duka a shimfiɗe a taswira, kamar sawun dabbobi a bakin rafi.

Nisan ganinta ya dogara ne da tudun da aka ɗora ta. Rada irin wannan ba ta lanƙwasa sosai ta bi doron ƙasa, don haka akwai lissafin da injiniyan kamfanin ya koya mini a ranar farko: a ɗauki tushen murabba'in tsayin eriya a mita, a tara da na tsayin jirgi, a ninka da 2.2, a sami mil na teku. Eriyarmu na bisa ruwa da mita 25. Jirgi mai tsayin mita 16 zai fara leƙowa ke nan daga wajen mil 20, kusan kilomita 37, tunda mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Manyan jirage sun cika wannan alkawari. Ƙananan jiragen katako da na roba kuwa sai sun matso sosai, domin jikinsu ba ya mayar da sigina kamar ƙarfe.

Wani abokin aiki ya tambaye ni me ya hana mu amfani da radar nan mai dogon zango ta CODAR, wadda ke hango abin da ke bayan iyakar gani. Ita an gina ta ne domin auna gudun ruwan saman teku daga yadda raƙuman ruwa ke mayar da sigina, abin da wani masanin kimiyya mai suna Crombie ya fara bayyanawa a 1955. Aikinta dabam, namu dabam.

Yanzu ga inda ta gaza. Ruwan sama abokin gabarta ne. Hadari na saukowa sai allon ya cika da farin gari, ƙananan jirage su nutse a ciki. Haka in iska ta taso, kan kowane raƙumin ruwa sai ya zama ɗigo. Akwai maɓallin rage wannan hayaniya, amma in ka murɗa shi da yawa ka share masunta tare da raƙuman, in ka sassauta manhajar ta riƙa bin jiragen da babu su. Na yi kwanaki kafin hannuna ya faɗa, kuma littafin da aka ba mu bai taimaka ba, don an rubuta shi ne domin matuƙin jirgi mai gudun karo, ba mai bincike da ke zaune a tudu ba. Sau da yawa kuma, idan jirage biyu suka gitta juna kurkusa, manhajar takan musanya lambobinsu, sai ka ga jirgin da ke tafiya gabas ya yi kwana ba dalili. Dole na riƙa bin irin waɗannan sawu ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa da hannu. Ga wani tsinin dutse da ya shiga teku ta hagunmu, duk abin da ke bayansa duhu ne a wurinta. Kyamarar da aka haɗa mana takan nuna irin jirgin da rana, da dare kuwa sai dai ɗigo da lamba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne agogo. Makirufonmu suna rubuta lokaci da agogon duniya na UTC, fayil ɗin da manhajar ke fitarwa kuma ashe da agogon wurin yake, kuma babu inda aka rubuta haka a jikinsa. Kwana biyu na yi ina neman dalilin da ya sa nake jin ƙarar jirgi alhali taswira na cewa bai iso ba. A wannan aiki minti ɗaya ma ba wasa ba ne: jirgin da ke gudun mil 12 na teku a sa'a yana cin kusan mita 370 a minti, sauti kuma na tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa. Da na kira injiniyan, bai yi gardama ba, ya ce, "Laifinmu ne, Malam," ya gyara a ranar. Na ji daɗin hakan ƙwarai, amma layi ɗaya a saman fayil da ya cece ni.

Wuta ma tana ci. Farantan sola da batiran da aka kawo sun riƙe ta a ranakun da gari ya waye tas, amma da aka jera kwana uku ana lumshi sai da muka tayar da janareta. Gishirin iska kuwa duk mako sai na hau na goge mahaɗan wayoyi.

Duk wanda zai nutsar da makirufo ko wata na'urar awo kusa da gaɓar da masunta ke bi, ina ba shi shawarar ya yi hayar irin wannan rada, kuma ya sa a kafa ta kwana biyu ko uku kafin a fara naɗa, domin a daidaita ta da yanayin ruwan wurin. Mu za mu koma baɗi, kuma na riga na rubuta wa kamfanin buƙatu biyu: su sa alamar UTC a kowane fayil, sannan su kawo eriya ta biyu a kafa a ɗaya gefen dutsen.