Gadon Mace: Sulhu a Gida ko Kotun Shari'a?

Mata da yawa a Sakkwato na yawan tambayata: idan 'yan'uwa maza suka danne wa mace gadonta, wacce hanya za ta bi?

Sulhu ba ya cin kuɗi. A kira dattawan gida, mai unguwa ko limami, a zauna a zaure. Zumunci ma ba ya tsinkewa. Amma sau da yawa ita ba a shigo da ita zauren, sai wani kawu ya yi magana da yawunta, a ƙare da "ki yi haƙuri, ai gonar tana hannun yayanki". Ga shi ba takarda, gobe ana iya musantawa.

Kotu kuwa akwai kuɗin shigar da ƙara, kuɗin Keke, da ɗage zama. Za a kuma ce ta tona asirin gida. Sai dai alƙali da lissafin Alƙur'ani yake aiki: 'ya mace rabin rabon namiji, matar mamaci tumuni (kashi ɗaya cikin takwas) idan akwai 'ya'ya, rubu'i (kashi ɗaya cikin huɗu) idan babu. Hukuncin rubutacce ne, ana kuma iya ɗaukaka ƙara.

Wadda danginta ke jin maganar manya, sulhu ya ishe ta, amma a rubuta a sa shaidu. Wadda aka fara sayar da gida ko gona a bayan idonta, ta nufi kotu.